Almakashin Shalva

A kwarin Alazani, cikin Fabrairu,
ƙanƙara ba ta gama sakin ƙasa ba,
kakana Shalva ya riga zakara tashi,
almakashi a aljihu, gurasa ƙunshe a tsumma.

Na ce, “Kaka, shekara tamanin da ɗaya,
ai ka biya bashin Adamu, zauna haka.”
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
“Wa ya ce miki bashi ne, Tsiala?
Tun maciji bai buɗe baki ba
aka danƙa wa Adamu gonar, ya nome, ya tsare.
Ƙaya ce ta zo daga baya.
Aikin kam, kyauta ne.”

Ya kama reshe, ya ƙirga ido biyu, ya datse.
Kurangar ta ɗigo hawaye guda.
“Ba mugunta ba ce,” in ji shi,
“haka Uba ke yi da ni.”

Firist ɗinmu yana da kira, kowa ya shaida.
Nasa kiran ba riga, ba bagade,
sai ƙugu mai ciwo, farce baƙi ƙirin,
da Zaburar da yake rerawa ƙasa-ƙasa, rabi ya mance.

Bara muka kai shi makwanci, bayan girbi.
Ruwan inabin da aka zuba a ƙoƙo ranar Ista
daga tulun da ya binne da hannunsa aka ɗebo.

Yau ni ce a tsakanin kurangu, yatsu sun ƙandare,
almakashin ya yi wa tafina yawa.
Na ƙirga ido biyu.
Na ce, “Ubangiji, ga ni,”
na datse.