Kafin Ki Tura

A ɗakin sama, can kan tudun Valparaíso,
inda gishirin teku ke cin ƙusoshin taga,
Leontina ta rubuta "ƙarshe" da asuba,
hannunta na ƙarnin kifin kasuwa.

Tsoho Baltasar, da ya tsufa yana tsince kurakuran ɗab'i,
ya ɗaga tulin takardun kamar mai awo.
Ya ce, "Ajiye shi wata guda.
Sai miya ta huce ake jin gishirinta."

Da ta koma, ta tarar shafi arba'in na farko
gyaran murya ne kawai. Ta yanke.
Kawun nan mai barkwanci da ta fi so
ba ya ɗauke da komai.
Ta sallame shi, idonta jawur.

"Babi uku suka nema? Ba su uku.
Wasiƙa gajera, sunan edita daidai.
Kada ki kai wa masu buga lissafi labarin masunta."

Bayan wata biyar amsa ta zo daga Santiago: a'a.
A ƙasa, da biro, wani ya ƙara:
"Uwar tana numfashi. Sauran fa?"

Ta wanke hannu da lemun tsami,
ta jawo kujera.