Kangon Bayan Gidanmu

Shekara goma sha tara ana shari'ar gado a kansa,
magada sun watse, wani Legas, wani kushewa.
Fili ya rasa mai shi,
sai ya zama na kowa, wato na bola.

Ta tagar ɗakina a Gwammaja nake ganinsa:
leda ta yi masa riga,
tsohuwar taya ta tare ruwan sama kamar ƙwarya,
a ciki sauro ke biki, a ciki yake suna,
da magariba ya shigo mana gaisuwa.
Sau huɗu a damina ɗaya
na goya Barira zuwa asibiti,
jikinta kamar garwashi a gadon bayana.

Malam Inuwa mai facin keke ne ya fara.
Bai kira taro ba, bai yi wa kowa wa'azi ba.
Wata Asabar bayan asuba
muka ji shebur na karo da kwalba.
Aka ce ya taɓu.
Ya ce, "Ni dai warin ne ya ishe ni."
Ran Lahadi ya samu mutum biyu.
Ni ce ta uku, da tsintsiya da baron aro.

Baro sittin da bakwai, Ɗanjummai ya ƙirga,
kafin mu ga launin ƙasa.
Ja ce. Wallahi na manta ja ce.
Na durƙusa na damƙa, ta yi sanyi a tafina,
ga wata tana, tana motsi,
kamar mai cewa, ai ina nan tun tuni.

Tasalla ta ƙullo irin zogale a bakin zane,
wani ya kawo darbejiya a gwangwanin madara.
Tsamiya kuwa, Malam Inuwa ya dasa.
Muka ce, "Wa zai jira tsamiya?"
Ya ce, "Wanda ba a haifa ba."
Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa,
duk can suke ƙarewa.
Awakin Gambo suka cinye rabi.
Muka yi cacar baki, muka shirya,
shi da kansa ya saro ƙayar shinge.

Bana damina ta uku.
Kurciya ta dawo, tsada ta dawo,
har da wani mai jan baki
da ba wanda ya san sunansa.
Tsofaffi masu hawan jini na zagaya shingen da sassafe,
sau biyar, suna ƙirgawa da carbi.
Barira ta yi tsawo, ita ke tsinko mana zogale,
rabonta da ƙarin ruwa tun bara waccan.
Ban ce sauro ya ƙare ba. Kano ce.
Amma yanzu ina barin taga a buɗe.

Jiya wata mota ta tsaya.
Saurayi ya fito da takarda da igiyar awo,
ya ce kotu ta gama, filin kakansa ne,
shago takwas zai fita a nan.
Ba wanda ya tanka. Gaskiyarsa ce.
Rana ta take, ya matsa gindin darbejiya,
Tasalla ta miƙa masa ruwa a moɗa.
Ya sha, ya zauna, ya ajiye igiyar a gefe,
ya daɗe yana kallon sama ta tsakanin ganye.
Ya ce zai dawo ran Alhamis.

Yau Laraba.
Na fito da ruwan wankin shinkafa kamar kullum.
Tsamiya ta kawo ƙuguna.