Hagu da Dama a Gulbin Maraɗi

Kwalin ya zo a motar Kwatano,
ɗaure da igiyar roba, kusurwa ɗaya ta loɓa.
Ɗana Tankari ya rubuta a kai:
"Baba, ga maganin zaman banza."
Shekara bakwai bai tako gida ba,
sai ya aiko mini jirgi gunduwa-gunduwa.

Ni da na shekara talatin ina buɗe cikin rediyo
a rumfata ta bakin Babbar Kasuwa,
na zazzage kwalin bisa tabarma
na yi tsuru, kamar mahaucin da aka miƙa wa kifi.

Fiffike biyu, ba su kai faifai nauyi ba.
Inji kamar ƙwallon goruba.
Farfela, batir, waya ja da baƙa,
sukurori a leda, ƙanana kamar riɗi.
Takardar bayani kuwa rubutun Sin ce,
ni da jikata Tsahara muka bi hotuna
kamar masu bin sawun akuyar da ta ɓata.

Daren farko gam ya haɗe mini yatsu biyu.
Dare na biyu aka ɗauke wuta,
muka ci gaba da tocila, sauro na karɓar haraji.
Na uku na liƙa wutsiya a karkace,
ta ce, "Kaka, wannan ai jelar zakaran da ruwa ya daka ce."
Na ɓamɓare, na sake.

Hannun nan da ya saba ɗiga dalma
a kan waya mai kaurin gashi,
yau sai ya nemi ramin sukuru sau huɗu.
Na san ta gani. Ba ta tanka ba.
Ta dai matso da haske.

Da muka gama, sukuru ɗaya ya ragu.
Kowane mai gyara ya sani,
abin da ya ragu a tabarma shi ke hana barci.
Na jefa shi aljihu.

Ran Lahadi da hantsi muka gangara gulbi.
Ruwa ya daɗe da tafiya, yashi ya kwanta.
Wani mai amalanke ya tsai da jakinsa,
masu ban ruwan salati suka ajiye guga.
Tsahara ta ɗaga jirgin bisa kanta,
ta ruga, ta saki.
Ya yi kuka irin na zirnaƙo,
ya sunkuya kamar zai lashi ƙasa,
sai ya tashi.
Wallahi ya tashi!
Ya ƙetare mangwarori, ya miƙi hanyar Tibiri,
wata shirwa ta karkato ta duba wane ne baƙon.

Tafiya ba wuya.
Na tura dama, ya yi dama.
Amma da na juyo da shi ya fuskance ni
sai hannuna ya rikice:
haguna ta zama damarsa.
Na ce zo nan, ya yi can.
Na matsa, ya ƙara baudewa.
Na matsa da ƙarfi, da fushi,
ya shige cikin gawo, kwaram.

Ɗan mai amalanken ne ya hau ya sauko da shi,
fiffike ɗaya na reto.

A hanya Tsahara ta ce,
"Kaka, na lura da abu.
In yana dawowa, kada ka tuƙa daga inda kake tsaye.
Ka ɗauka kai ne a ciki."

Ban amsa ba. Ina ta juya sukurun nan a aljihu.

Bayan isha'i na kira Kwatano.
Na saba fara wa da "Yaushe za ka zo?"
har ya koyi cewa layi ba kyau.
Yau na ce, "Tankari, me kake gani ta tagarka?"
Ya yi shiru, ya yi shiru,
sannan ya fara ba ni labarin teku.

Gam bai ƙare ba.
Tsahara ta danne fiffiken da dutsen guga,
ta ce kada kowa ya taɓa sai gobe.