Alli a Aljihu

Daren ƙarshen shekara a Valparaíso,
wuta na fure a saman teku,
jiragen ruwa na kuka kamar bijimai.
Maƙwabta sun fito da akwatunan da babu ko tsinke ciki,
suna zaga unguwa da gudu,
wai don sabuwar shekara ta zo musu da tafiya.
Ni kuwa inabi goma sha biyu a tafina,
kowace ƙwaya da alkawarinta.

Sau nawa na haɗiye su haka?
Zan bar taba.
Zan koyi jita.
Zan biya Anselmo bashinsa har kwabon ƙarshe,
in rage tumbi, in gyara rufi.
Kafin Janairu ta tsufa
duk sun bi ruwan wanke-wanke.
Jitar na rataye, gizo-gizo ya ƙara mata tsirkiya.

Bana sai na miƙa wa Ximena inabin,
ta cinye, ba ta tambaye ni ba.

Daga ƙofata zuwa kasuwar kifi
matakala ɗari da arba'in da shida ne.
Tun da likita ya tsaga gwiwar nan
ban wuce ta sha tara ba.
To, ba rantsuwa, ba shaidu:
duk Talata in ƙara uku,
in ja layi da alli inda na juyo,
in hauro gida da ƙafata.
Daidai ruwa, daidai tsaki.

A Yuni ruwan sama ya wanke layukan,
mura ta kwantar da ni mako biyu.
Na tashi na tarar shida sun gudu.
Ban zagi kowa ba,
na koma na tsince su, uku-uku.

Anselmo na karɓar kuɗin burodi biyu duk Juma'a,
yana tsaki, yana sa wa a aljihu.
Tabar tana nan, ba zan yi ƙarya ba,
ta bayan abincin rana kawai na sallama.

Yau ina kan ta casa'in da huɗu.
Daga nan ana jin ƙarnin kifi,
ana hango shuɗin kwanon rumfar Eulalia.
Wata yarinya da jakar makaranta ta tsaya:
Kaka, me kake rubutawa?
Na ce, inda na iso.
Ta leƙa ƙasa, ta ce da saura.
Na ce na sani,
akwai Talata.