Layi Goma Sha Biyu

Wasiƙar ta zo ran Talata,
tsakanin takardar kuɗin wuta da tallar kujeru.
Hukumar sassauci za ta zauna a kan Leland Pruitt cikin Nuwamba.
In ina da abin faɗa, wai in rubuta.

Na ajiye ta kan firji, na ɗora tukunya.
Jirgi ya wuce ta saman titin Jerome,
kofuna suka yi 'yar rawar da suka saba.
Shekara ashirin da bakwai suna yinta a gidan nan na Bronx,
ba wanda ya fashe.

Rahane ce ta binciko labarinsa.
Ta ce ya yi digiri a gidan kaso,
yana koya wa sababbin shiga karatu,
shi ke wanke tsofaffin da ƙafa ta daina ɗauka,
ya juya su da dare kada gado ya ci bayansu.
Ta ce, Umma, har furfura gare shi.
Na ce, ubanki ko sili ɗaya bai samu ya yi ba.

Tasi'u. Shekara talatin da ɗaya.
Dala arba'in da shida, rabin goro,
da lemon da na ɓare masa bai kai ga sha ba.
Ɗan shekara sha tara ya shiga kujerar baya.
An ce mitar tasin ta yi ta ƙirga kuɗi
har 'yan sanda suka iso.
Ni ina nan da cikin wata bakwai, ina jiran ya zo da burodi.

Liman ya ce afuwa ta fi kusa da taƙawa.
Gaskiya ne, sai dai ya faɗa yana duba agogo.
Yayan Tasi'u ya bugo daga Maraɗi:
ya ruɓe a can, ko su biya diyya.
Alhaji, a nan ba diyya, fom ne,
layi goma sha biyu da wurin sa hannu.

Yaron da na gani a kotu,
mai cizon farce, wanda kwat ta yi wa yawa,
shi nake so a ƙara wa kwaɗo.
Amma wai ba ya nan.
Kurkuku ta cinye shi loma loma,
ta bar wani dattijo mai tabarau da ciwon suga
yana amsa sunansa.
An ce rama cuta ga macuci ibada.
To in macucin ya shuɗe, ya bar ki da ramuwar a hannu,
kan wa za ki sauke?

Kuma ina tsoro.
Ba tsoron ya sake ɗaukar bindiga ba.
Tsoron wata safiya a jirgi mai lamba huɗu
wani mai furfura ya tashi ya ba ni kujera,
in zauna, in ce na gode,
in ma sa masa albarka a raina.

Bayan isha na ɗauki biro.
In kun buɗe masa, kada ku ce ni na yafe.
In kun rufe, kada ku ce don ni ne.
Na daɗe ina gadin ƙofar nan ba albashi,
ƙafafuna sun kumbura.

Saura layi tara. Na ƙara ɗaya.
A kotu ba wanda ya iya faɗin sunan mijina,
alƙali, lauya, har shi.
Ku ce ya faɗa.
Akwai 'yar tsayawa a tsakiya,
inda numfashi ke yankewa kafin ya dawo.
Ku saurara ko ya tsaya a wurin.

Shinkafar ta kama.
Rahane ta ci a haka, ba ta ce komai ba.