Sau Goma Sha Shida

Biyar da rabi na asuba, a Talladje.
Ban sa takalmi ba,
ruwan shayi bai ko fara kuka ba,
na buɗe ƴar na'urata bisa tabarma
na danna layi guda.

Can ƙetaren kogi, a Harobanda,
cikin ɗakin da na kulle jiya da hannuna,
kwamfuta arba'in da biyu na kwance cikin duhu.
Da, sai na hau babur, na bi layin gada,
na durƙusa gaban kowane tebur
kamar mai neman gafara,
ina laluben maɓalli da yatsa
har gwiwar wandona ta koɗe.

Yanzu kira nake yi.
Kowace tana da sunan yanka,
baƙi goma sha biyu, ba mai irinsa.
Na jera su cikin takarda ɗaya,
na rubuta ɗan umarni, layi tara,
ya bi su ɗaya bayan ɗaya
yana faɗin sunan kowace sau goma sha shida.
Haka ƙa'idar take. Ba ni na yanka ba.

Ashe ba mutuwa suke yi da dare ba.
Akwai wani ɗan kunne a bayansu,
inda waya ta shiga,
da ƴar wuta kore kamar ƙwayar gero,
shi ba ya barci.
Duk surutun da ke wucewa bai dame shi ba,
sunansa kawai yake jira.

Ranar farko Baba Sumana mai gadi
ya ga tagogi sun yi shuɗi, ba kowa ciki,
fankoki sun ɗau numfashi gaba ɗaya.
Ya bar butarsa, ya bar takalmi ƙafa ɗaya,
sai bakin titi, yana ta'awizi.
Har yau in mun gaisa sai ya ce,
Rabe, ka dinga sallama kafin ka shigo,
ko da ba ka zo ba.

Amsa na dawowa bisa allona:
ta ɗaya ta tashi,
ta biyu ta tashi,
ta sha tara ta yi nauyin barci, amma ta tashi.
Ta ashirin da bakwai shiru.
Na sake kira. Shiru.
Na san ta: ko ɓera ya ci wayar,
ko wani ɗalibi ya zare ta jiya
don ya ba salularsa wuta.
Wannan sai na je da ƙafata.

Inna ma haka take yi a Tawa.
Mu takwas bisa tabarmi uku,
ba ta taɓa cewa yara ku tashi ba.
Daga bakin murhu take jero mu:
Habsu. Ila. Rabe. Rabe. Rabe!
Nawa ne ke yawan maimaituwa.
Ina ji tun na farko,
ina lafewa don ta ƙara faɗi.

Daminar bara, a asibiti,
ni na tsaya kanta.
Na kira ta Inna, na kira ta da sunan da ba mu faɗi,
na wuce goma sha shida,
na daina ƙirga.
Na duƙa ina neman ƴar wutar nan kore.

To.
Shayi ya tafasa har ya zuba a gawayi.
Arba'in da ɗaya na can suna jiran ɗalibai,
fuskokinsu a buɗe, ɗaki ya ɗau ɗumi.
Na sa sabuwar waya cikin jaka,
na ɗaura wa Baba Sumana goro biyu a leda,
na tada babur da ƙafa,
shi kam ba ya jin kira.

Bisa gada hazon ruwa bai watse ba,
wani masunci na jan koma shi kaɗai.
Ta ashirin da bakwai, ki dakata,
ga ni nan tafe.
Ke taki mai sauƙi ce.