Baƙin Gilashin Kawu Namaiwa

A gwangwanin madara na same shi,
cikin tsofaffin rasit da maɓallan riga,
bayan arba'in ɗin Kawu Namaiwa:
baƙin gilashi, faɗin bakin kofin shayi,
zobe biyu, ɗaya ya kama bakin kyamara,
ɗaya yana juyawa kamar murfin kwalba.

Na yi dariya ni kaɗai.
Wa ke ƙara wa ido duhu da gangan?

Ranar Talata da la'asar
na gangara Gamkale, bakin kogi.
Bazara ta sha ruwan har ƙugu,
rana ta narka masa dalma a fuska,
duk inda ka duba, ƙyalli ya mare ka.

Na fuskanci rana na murza zoben, shiru.
Na ba ta baya na murza, shiru.
Sai da na ɗora ta a kafaɗar dama
yadda manomi ke saɓa hauya,
na murza a hankali, a hankali,
sai ruwan ya tuɓe rigarsa.

Ga duwatsu. Ga gansakuka na lilo.
Ga karfasa uku sun yi cirko-cirko.
Ga tayar keke, laka ta ci rabi.
Ga ƙafafun Alzuma mai wanki,
fari fat, duk faso,
mutumin da na shekara ashirin ina gaisarwa
daga gwiwa zuwa sama.

Amma gilashin dillali ne, ba ya aikin lada.
In haske huɗu ya zo ƙofa
sai ya riƙe uku, ya miƙo maka ɗaya.
Dole ka matse hannu a haƙarƙari,
ka haɗiye numfashi, ka zama turke.
Hoton farko ya fito yana rawar ɗari.
Na biyu ma haka.

Wata yarinya ta kife tasoshi a kan yashi.
Na murza dama, na murza hagu,
tasa na ta walƙiyarta.
Ashe ƙarfe ba ya jin wannan lallashi.

Alzuma ya yarfe kumfa ya leƙo.
Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa
kamar an nuna masa dangi na nesa.
Can ya ce, “To ina sama?
Ni a kan ruwa nake ganin hadari,
ba na ɗaga kai nake sanin lokacin kwashe shanya.
Ka kwashe mini gajimare
ka bar ni da tayar keke.”

Ban ba shi amsa ba.
Bangon ɗakin Inna ne ya faɗo mini:
ga ta a tagar motar Tawa, an rufe gilashi,
fuskarta tar, har ɗan kwallin da ya zubo.
Ga ni ina ɗan shekara shida
a bayan tagar asibiti, hannu a ɗaure.
Ga kantin Balkisu mai ɗinki, atamfa jere.
Taga, taga, taga,
kuma ba inda inuwar mai ɗauka ta faɗa.

Mun kwana uku muna neman hotonsa
na mannawa a takardar sadaka.
Ba mu samu ba.
Ashe da yatsa biyu ya riƙa share kansa
don mu fito sosai.

Na mayar da zoben rabin hanya:
gajimare kaɗan, ƙafa kaɗan,
karfasa ɗaya tana ratsa sama.
Alzuma ya ce wannan da dama-dama,
ya koma kan wandon wani.

A hanyar gida, wajen Yantala,
na tsaya gaban tagar wani kantin magani.
Na ɗaga kyamara, ga ni, ga kwalabe.
Na murza, na fara dushewa.
Na tsaya nan,
inda kunnena ɗaya da hularsa da na sa
ba su gama tafiya ba,
na danna.